Tukunyar Da Ke Cizon Baturiya

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban faɗi abin da Baturiya ke ɓoyewa a hannunta ba, ta daina gaishe ni. To ki gyara zama. Ku kuma sababbin zuwa, muna cikin daminar 1965 ne, a wani asibiti da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, inda Lauratu da ƙawarta Baturiya ke koyon aikin jinya.

*

Lauratu ta turo ƙofar ɗakinsu da kwanonin abincin rana a hannu, ta tarar da Baturiya durƙushe gaban akwati tana cusa kaya da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe. Farar rigar aikinta tana ninke a kan gado, an ɗora hula a samanta.

"Ina zuwa?" in ji Lauratu.

"Gida."

"Rasuwa aka yi?"

"A'a."

Lauratu ta ajiye kwanonin, ta mayar da ƙofa ta rufe, ta jingina da ita.

"To ba inda za ki."

Baturiya ba ta ɗago ba. "Motar Bakori za ta wuce bayan la'asar. In na sauka na bi 'yan kasuwar Tsiga, kafin duhu ina ƙauyenmu. Ki ba ni hanya, Lauratu."

"Jarrabawa ta ƙarato, ke ce kan gaba a ajinmu, ki ce mini gida? Kwance hannun nan in gani."

"Lalle ne."

"Lalle a hannu ɗaya? Da bandejin asibiti? Ni za ki yi wa wannan?"

Lauratu ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta kamo hannun a hankali ta fara warwarewa. Baturiya ba ta hana ta ba.

A tsakiyar tafin akwai wani tabo fari, zagaye, gefensa ya yi ja. Bai yi kama da ƙunar ruwan zafi ba, ba kuma ta garwashi ba ce.

"Me ya yi miki wannan?"

"Tukunyar lantarkin nan ta tafasa almakashi da sirinji. Ta ɗakin wanke kayan aiki, ɓangaren mata."

"Murfin ne ya ƙona ki?"

"Ko zafi ba ta ɗauka ba lokacin." Muryar Baturiya ta yi ƙasa. "Cizo take yi, Lauratu. Ba yau ta fara ba. Da can ɗan tsikari ne nake ji, kamar cinnaka. Jiya da na kama hannunta sai ta riƙe ni. Hannun nan ya mutu tun daga yatsu har kafaɗa. Ban san yadda aka yi ba, sai dai na gan ni a ƙasa."

"Kika yi shiru?"

"Ban yi shiru ba. Na faɗa wa Malam Maitama."

Malam Maitama shi ne babban ma'aikacin jinya mai kula da ɓangaren mata. Ba ɗalibar da ke son shiga sabgarsa.

"Ya ce me?"

"A gabana ya dafa ta da hannu biyu. Ya shafa murfin, ya shafa cikinta. Ba abin da ya same shi. Ya yi dariya ya ce mu mutanen ƙauye komai iska. Ya ce in na bari maganar ta fita, cewa za a yi ina da tabin iskoki, ba kuwa wanda zai ba mai iskoki jariri ta riƙe."

Lauratu ta cije leɓe. "Shi ya sa kike haɗa kaya?"

"Ba don shi ba." Baturiya ta ɗago, idanunta sun kaɗa. "Ke ma kina taɓa tukunyar nan kullum. Ta taɓa yi miki wani abu?"

"A'a."

"Sauran 'yan ajinmu fa?"

"Ban ji ba."

"To kin gani. Ni kaɗai take nema." Ta dubi tafin hannunta. "Inna ce."

Lauratu ta san abin da take nufi. Iyayen Baturiya manoma ne a bayan Tsiga, suna nan kan addinin kakanninsu. Inna ita ce iskar da gidansu ke yi wa yanka, wadda ake cewa in ta yi fushi da mutum sai ta shanye masa hannu ko ƙafa.

"Ranar da zan taho nan," in ji Baturiya, "Baba bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi ɗiyar gidan nan ba ta barin gona ba ta yi sallama da Inna ba, in tsaya a yi yanka. Na ce ni na yi makaranta, ba ruwana. Na ɗauki akwatina na fito. Ga shi ta biyo ni. Gara in koma in ba ta haƙuri tun hannun yana motsi."

Lauratu ta zauna sosai a ƙasa, ta tanƙwashe ƙafa.

"Ni dai ɗiyar 'yan kasuwar Malumfashi ce, ban san Innar gidanku ba, ba kuma zan buɗe baki in zage ta ba. Amma zan yi miki tambaya, ki ba ni amsa tsakani da Allah."

"Ina ji."

"Jiya da tukunyar ta riƙe ki, me ke ƙafarki?"

Baturiya ta dube ta. "Kamar yaya?"

"Takalmi. Kina sanye da shi?"

"A'a. Kambas ɗin nan matse ni yake, ya fasa mini dunduniya. In na shiga ɗakin ni kaɗai sai in cire in ajiye a bayan ƙofa."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ƙasan ɗakin fa, a bushe yake?"

"Yaushe ya taɓa bushewa? Famfon yana yoyo, ga wanke-wanke."

"Malam Maitama da ya dafa ta, me ke ƙafarsa?"

"Baƙin takalminsa. Mai ƙasan roba."

"Ni fa, kin taɓa ganin na shiga aiki ba kambas ɗina mai ƙasan roba?"

"A'a."

"Miƙo ƙafarki."

"Lauratu..."

"Miƙo, na ce."

Ta miƙo. Lauratu ta juya tafin ƙafar wajen hasken taga, ta bi shi da yatsa. A ƙarƙashin babban yatsa akwai wani ɗan tabo, ƙanin na hannun.

"Ga shi nan. Kin san da shi?"

"Na ɗauka ƙaya ce."

"Ba ƙaya ba ce. Ta hannu ta shiga, ta nan ta fita. Kin manta abin da Sista Hansai ta koya mana ne, lokacin da aka kawo sabon injin wuta? Lantarki hanyar zuwa ƙasa yake nema. Roba tana tare shi, ruwa yana buɗe masa hanya. Tukunyar nan tana yoyon wuta a jikinta, Baturiya. Duk mun taɓa ta, amma ke kaɗai kika tsaya mata ba takalmi a cikin ruwa."

Baturiya ta zuba wa ƙafarta ido, ta daɗe tana kallo.

"Na san karatun," ta ce a hankali. "Wallahi na san shi. Ko a jarrabawa aka tambaye ni zan rubuta. Amma da abin ya kama ni, muryar Baba kawai na ji."

"Ba laifi ba ne. Tsoro ba ya tambayar mutum ajinsa nawa." Lauratu ta miƙe. "In kina son zuwa ki yi sallama da gidanku, ki je da hutu, ni zan raka ki har tashar mota. Amma ba yau ba, ba kuma don tukunya ba. Sa rigarki. Sa takalminki, ko zai cinye dunduniyar."

"Ina za mu?"

"Mu kashe ta kafin ta sami wani."

*

Ɗakin wanke kayan aiki yana can ƙarshen ɓangaren mata, makullinsa kuma a hannun Malam Maitama yake. Suka same shi a baranda kan benci, ya idar da azahar, yana ɓare goro.

Suka rusuna. "Barka da rana, Malam."

"Barka kadai." Ya dubi hannun Baturiya, ya kau da kai. "Lafiya?"

"Makullin ɗakin tafasa muke so," in ji Lauratu. "Za mu zare tukunyar daga bango, mu sa mata alama kada kowa ya taɓa, sannan a sanar da Sista."

Ya daina ɓare goron.

"Za ku me?"

"Tana yoyon wuta, Malam."

"Wannan ce ta faɗa miki?" Ya nuna Baturiya da haɓa. "Ba na ce ki bar maganar nan ba?"

"Ba ita ta faɗa ba, ni na kwance hannun," in ji Lauratu. "Na ga inda wutar ta shiga, na ga inda ta fita."

"Ke, yarinya. Tun ana tafasa kayan aiki da itace nake asibitin nan. Yau da safe da hannuna na ɗauki murfin tukunyar."

"Da takalmi a ƙafarka."

"To sai me?"

"Ita ba takalmi ta taɓa, a cikin ruwa."

Malam Maitama ya yi wata 'yar dariya. "Ashe haka ne? To bari in nuna miki." Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa. "Mu je in dafa ta ba takalmi, kowa ya huta."

"Kada ka yi, Malam."

"Kin ji tsoron kunya ke nan."

"A'a. Tsoron ɗaukar gawarka nake ji. Ba a gwada wuta da jiki, ko don a ci gardama. In ni ce ba ni da gaskiya, mai gyara ya zo ya auna ya ce lafiya lau take, a hukunta ni. Na yarda."

Ya tsaya da igiyar a hannu, yana kallonta. Ita ma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malam," ta ce, "wani ya taɓa wayar tukunyar nan?"

Ya mayar da idonsa kan igiyar takalmin. Lauratu ta ci gaba.

"Na ga an naɗe ta da filasta ta baya. Na ɗauka mai gyara ne ya yi."

"Wane mai gyara?" Ya saki igiyar ya miƙe zaune. "Mutumin da sai an aika Zariya, ya zo ranar da ya ga dama? Ɓera ya ci wayar. Mata na haihuwa safe da yamma, ga masu gyambo, ga masu allura, risho ɗaya gare mu kuma yana hayaƙi. Kin taɓa ganin mai jegon da aka yi wa aiki da almakashin da bai tafasu ba? Ni na gani. Ni na rufe musu ido, na fita na faɗa wa mazajensu. Ba zan sake gani ba. Na yanke inda ɓeran ya ci, na haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, na naɗe."

"Koriyar fa?"

"Wace?"

"Waya uku ce a ciki. Ja, baƙa, koriya."

"Wannan ba ta da wani amfani. Da na haɗa ta, fiyus ya riƙa tsinkewa, in sa wani ya sake tsinkewa. Da na cire ta, shi ke nan, tukunya ta tafasa."

Baturiya ta dafe ƙirji.

Lauratu ta sassauta murya. "Malam, na san don marasa lafiya ka yi. Amma koriyar nan ita ce ke kwashe wutar da ta zubo a jikin tukunya ta kai ta ƙasa. Fiyus ɗin da ke tsinkewa faɗa maka yake akwai ɓarna a ciki. Da ka cire ta, wutar ba ta daina zubowa ba. Zama ta yi a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai zama hanya."

Goron yana hannunsa, ya manta da shi.

"Za mu tafasa da risho," ta ci gaba. "In bai isa ba mu hura gawayi a bayan ɗaki, ni da Baturiya mun ɗauki wannan aikin har mai gyara ya zo. Ba mai jegon da za a taɓa da ƙazamin almakashi. Ka ba mu makullin kawai."

Malam Maitama ya sa hannu a aljihun rigarsa. Ya laluba. Ya koma ɗaya aljihun. Sai fuskarsa ta sauya.

"Ba ya wurina."

"Yana ina?"

"Na ba Gwaggo Tsohuwa kafin in tayar da salla. Ta ce za ta wanke ƙasan ɗakin."

Gwaggo Tsohuwa ita ce mai share-share da goge-gogen ɓangaren. Duk asibitin ba wanda ya taɓa ganinta da takalmi in tana wanke ƙasa.

"Tukunyar a kunne take?" in ji Lauratu.

"Na sa almakasai a ciki."

Daga can ƙarshen baranda suka ji bokiti ya faɗi, ya gangara, ya bugi bango.

Ba wanda ya jira wani.

*

Ƙofar a buɗe take. Ruwa ya malale ƙasan ɗakin har ya kawo bakin dokin ƙofa.

Gwaggo Tsohuwa tana tsaye a tsakiyar ruwan, hannunta na dama damƙe da hannun tukunyar. Ga alama jan ta ta zo yi don ta wanke bayanta. Jikinta duk yana karkarwa, wuyanta ya sandare, bakinta a buɗe amma ba sauti.

"Gwaggo!" Malam Maitama ya zabura zai faɗa ciki, takalmi ɗaya a kwance.

Baturiya ta cafko rigarsa ta baya da hannu biyu, har da mai ciwon, ta fizgo shi da ƙarfin ɗiyar manoma. Ya yi baya ya bugi ginshiƙi.

"Kada ka taɓa ta, Malam. Haɗawa za ta yi da kai."

Lauratu ta leƙa. Makunnin bango yana can bayan tukunyar, sai an ratsa ruwa kafin a kai gare shi.

"Baturiya, tsare ƙofar. Ko waye kada ya taka ruwan nan."

Ta juya da gudu. A kusurwar baranda akwai akwatin ƙarfe a jikin bango, mai hannu a gefe, babban makunnin da ke ba ginin wuta. An nuna musu shi tun makon farko, an ce kada ɗaliba ta taɓa sai in rai ne a tsakani. Ta goge hannuwanta a jikin rigarta har suka bushe, ta kama hannun ta ja shi ƙasa.

Ƙarar fankar ɗakin mata ta yi ƙasa, ta mutu.

"Ta saki," Baturiya ta ɗaga murya. "Ta faɗi."

Lauratu ta dawo tana haki. Malam Maitama ya sake yunƙurawa.

"Dakata tukuna, Malam."

Ta shiga ta wuce Gwaggo, ta kama kan wayar tukunyar, ba jelar ba, ta zare shi daga bango, ta naɗe wayar ta ɗora a kan murfi.

"Yanzu ko wani ya mayar da wuta ba abin da zai faru a nan. Ku kama mu fitar da ita."

Su uku suka ɗauko ta suka shimfiɗe a busasshen siminti. Mata marasa lafiya sun cika taga, wasu sun fara salati.

"Iyayena, ku ɗan ja baya ta sami iska," in ji Lauratu. "Addu'arku muke so."

Ta sa yatsu a gefen wuyan Gwaggo. Ta kara kunci a hancinta tana kallon ƙirji.

"Zuciya na bugawa. Numfashi ne babu."

Malam Maitama ya durƙusa, amma ya kasa ko ɗaga kan tsohuwar.

"Bar mini, Malam," in ji Baturiya.

Ta sa yatsa ta zaro guntun goro daga bakin Gwaggo, ta tanƙwasa kanta baya, ta ɗaga haɓa, ta toshe hanci, ta haɗa baki da baki ta hura. Ƙirjin ya taso. Ta saki ya sauka. Ta sake hurawa.

"Haka," in ji Lauratu, yatsunta na nan a wuya. "Kada ki yi gaggawa. Tana nan tare da mu."

Wata mata daga taga ta ce, "Ai ta riga ta cika, ku rufe ta."

"Ba ta cika ba, uwata," in ji Lauratu ba tare da ta waiwaya ba. "Ina jin jijiyarta a hannuna. Ci gaba, Baturiya."

Baturiya ta ci gaba. Gumi ya jiƙa mata hula, bandejin hannunta ya warware yana lilo. Ba ta tsaya gyarawa ba.

Can sai maƙogwaron Gwaggo ya yi wani ƙara. Ta ja numfashi da kanta, dogo, mai kurman sauti. Ta yi tari.

"Juya ta gefe," in ji Lauratu.

Suka juya ta. Ta sake tari, ta buɗe ido, tana kallon su ɗaya bayan ɗaya.

"'Yan nan... wa ya buge ni?"

"Ba kowa, Gwaggo. Wutar lantarki ce. Kwanta abinki, kada ki tashi."

"Abu ya riƙe mini hannu. Na so in saki, ya ƙi."

Baturiya ta kamo hannun tsohuwar ta buɗe tafin. Ga tabo nan fari, zagaye, gefensa ja. Ta buɗe nata ta jera su.

"Lauratu," ta ce, "Gwaggo dai ba ɗiyar gidanmu ba ce."

"Ba ita ba ce."

"Ba ta san hanyar Tsiga ba ma."

"Ina na san ta," in ji Gwaggo da ƙyar. "Ni mutuniyar Danja ce."

Baturiya ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta share da bayan hannu, ta gyara hularta.

"A kawo gadon turawa," ta ce wa Malam Maitama, kamar ba ita ce ke haɗa akwati ɗazu ba. "Ba za ta taka da ƙafarta ba. Wanda wuta ta ja, zuciyarsa na iya juyawa daga baya, sai an sa mata ido. Ƙunar kuma ta fi yadda ake ganinta zurfi."

Kafin ya motsa suka ji takun takalmi da sauri. Sista Hansai ce, malamarsu, ta fito daga ɗakin tiyata da ƙyallen rufe hanci a wuya. Sanda, mai taimaka wa likita, yana biye da ita.

"Wa ya kashe babban makunni?"

Lauratu ta miƙe tsaye. "Ni ce, Sista."

"Kin san layi ɗaya ne da ɗakin tiyata? Likita ya buɗe cikin mutum, manomi ne da sa ya soka. Da tocila ake haska masa yanzu."

"Ban da wata hanya, Sista. Tukunyar tafasa ta riƙe Gwaggo a cikin ruwa, makunnin bango kuma yana bayanta. Numfashinta ya tsaya, Baturiya ce ta dawo da shi."

Sista Hansai ta dubi Gwaggo, ta dubi ruwan da ke ƙasan ɗakin, ta dubi tukunyar. Ta durƙusa ta taɓa wuyan tsohuwar da kanta, ta leƙa idanunta.

"Wani ya taɓa ta kafin a kashe wutar?"

"Ba kowa."

"Tukunyar fa?"

"Na zare ta daga bango."

Sista ta gyaɗa kai. "Kun yi daidai, ku duka biyun. Da ni ce a wurin, abin da zan yi ke nan." Ta miƙe, idonta ya sauka kan wayar da ke naɗe da filasta. "Wannan kuma aikin wa?"

Malam Maitama yana zaune a ƙasa, ya jingina da ginshiƙi, takalminsa ɗaya a gefe.

"To, za mu yi wannan maganar a ofis," in ji Sista. "Yanzu rai ne a kan tebur. Jini ya taru a cikin mutumin, likita na bukatar fitila da injin tsotsa. Sanda, yi maza ka mayar da wuta."

Sanda ya kwasa da gudu ya nufi kusurwar baranda.

"Sista."

Muryar Malam Maitama ce, amma kamar ba tasa ba.

"Ba yanzu ba, Malam."

"Sista, ba tukunyar kaɗai na gyara ba."

Duk suka juyo.

"Injin tsotsan ɗakin tiyata. Kan wayarsa ya fashe. Na... na cusa wayoyin tsirara a soket, na danne su da tsinken ashana. In aka kunna yakan ɗan yi tartsatsi, amma yana aiki."

Sista Hansai ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Tartsatsi," ta ce a hankali. "Tun ɗazu fanka ba ta juyawa a ɗakin tiyatar. Tururin maganin barci ya taru a ƙasa, abin da ko ƙyallin wuta ya gani kamawa yake. Injin kuma a kunne yake lokacin da wuta ta ɗauke."

Lauratu ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ta riga ta kai tsakiyar baranda da gudu.

"Sanda! Kada ka ɗaga!"

Daga kusurwa aka ji ƙarfe ya ce ƙwas.

Ta cikin taga, fankar ɗakin mata ta fara juyawa.